Littafin da na ɗinka ya ƙi rufuwa, ga kuma tsatsa

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu aikin hannu. Don Allah ku taimaka mini da shawara, abin ya ishe ni.

Wata uku ke nan ina haɗa wani littafi. Shafukansa 12, duk na yadin auduga ne da na ninka biyu na ɗinke bakinsa da allura. A kansu na ɗinka tarkacen da nake tsinta: tsofaffin makullai, maɓallai, 'yan ƙusoshi, har da karyayyar ƙafar tabarau (kada ku yi dariya, ita ta fi kyau a ciki).

Da na haɗa shafukan, sai gindin littafin (wajen da na ɗinke shafukan tare) ya tsuke, gaban kuma ya wangale kamar bakin kada. In na danne shi da abu mai nauyi, makullin shafi na 5 sai ya huda na 6. Na cusa siraran kwali tsakanin shafukan ta wajen ɗinkin, ya ɗan daidaita, amma zaren ya ja ya yaga yadin wuri biyu. Gam kuwa na haƙura da shi, sandarar da yadi yake yi.

Ga tsatsa. Ƙusa ɗaya ta bar jan tabo a farin shafi. Launin ya burge ni gaskiya, sai dai tsatsa cin zare take yi a hankali.

In warware ɗinkin duka ne in sake, in bar gindin a buɗe? Kuma me kuke shafa wa ƙarfe kafin ku ɗinka shi, kakin zuma zai isa?