Log da stderr: ga sunayen Hausa da nake ba da shawara

Salamu alaikum masu rubuta manhaja. A ajin da muke koyar da Python, harshen rubuta manhaja, a nan Katsina, ɗalibi zai ce maka "Malam, ta ƙi yi." Ka ce ya duba log, sai ya tsaya yana kallonka. Ba taurin kai ba ne, kalmar ce ba ta gaya masa komai. Mu sama mata suna.

A Turanci ma aro ce daga matuƙan jirgin ruwa. Gungumen katako suke ɗaurewa da igiya su jefa a ruwa don auna gudun jirgi, su rubuta a littafi, har littafin ya gaji sunan katakon. Saboda haka fassara ta kai tsaye ba za ta yi ba. Aikin abin za mu duba.

Aikinsa shi ne manhaja ta riƙa rubuta abin da ya same ta, layi bayan layi, kowane layi da lokacinsa da nauyinsa, a ajiye don wanda zai zo bincike daga baya.

Wani ɗan'uwa ya kawo "tarihi". Ban karɓa ba, don mun riga mun ba wa jerin shafukan da mutum ya buɗe a intanet wannan suna. Wata 'yar'uwa ta ce "rajista". Ta kusa, amma rajista sunaye take tarawa, na 'yan makaranta ko na masu zaɓe. Ni na tsaya a kan "kundin aukuwa". Bakatsine ya san kundi tun a zauren malam: takardu ne da ake adanawa, ana ƙara musu, ana komawa gare su idan buƙata ta taso. A baki sai a taƙaita: "duba kundi", "sa shi a kundi".

Console kuwa, wato allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni a ga amsarta, "allon umarni" ya wadatar.

Inda na fi so mu natsu shi ne nan. Manhaja a tsarin kwamfuta na Unix da Linux tana da hanyoyi uku: lamba 0 ta shigar da bayani, lamba 1 stdout ta fitar da sakamako, lamba 2 stderr ta fitar da saƙon kuskure. Dukansu biyun ƙarshe a allo ɗaya suke bayyana, shi ya sa ɗalibi yake zaton abu guda ne. Sai ya rubuta > kundi.txt, ya buɗe fayil ɗin, ya ga babu saƙon kuskure ko ɗaya. Alamar > ita kaɗai lamba 1 take kamawa. In kana son duka biyun su shiga fayil ɗaya, sai ka ƙara 2>&1 a bayanta.

An raba su ne da dalili. A Bell Labs da ke Amurka, cikin shekarun 1970, an sha asarar aikin ɗab'i saboda saƙon kuskure yana bin sakamako ya shige injin, a buga shi a takarda maimakon mai aiki ya gan shi.

Shawarata: stdout ta zama "ƙofar sakamako", stderr ta zama "ƙofar koke". Garin da ke da Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Sauri ba sai an yi masa dogon bayani ba cewa birni ɗaya yana da mafita fiye da ɗaya. Na guji "ƙofar kuskure" da gangan, don ba kuskure kaɗai ke bi ta nan ba. Gargaɗi ma yana bi, kuma logging, sashen Python mai rubuta kundi, in ba ka saita shi ba, ta nan yake fitar da saƙonninsa.

Matakan nauyi biyar na Python su ma ga su: DEBUG mai lamba 10 "bin diddigi", INFO 20 "sanarwa", WARNING 30 "gargaɗi", ERROR 40 "kuskure", CRITICAL 50 "babbar matsala". In ba a canza saiti ba, daga gargaɗi zuwa sama kawai ake nunawa.

Akwai ɗabi'a guda da ke ci mani tuwo a ƙwarya: a rubuta except mai kama kuskure, a bi shi da pass, wato kada a yi komai. Manhaja ta yi tuntuɓe, ta yi shiru, kundi fayau, wanda ya gaji aikin ya kwana yana lalube. Wannan ina kiranta "haɗiye kuskure". Maganinta layi ɗaya ne, logging.exception, wanda zai rubuta saƙon tare da jerin layukan da aka bi har aka faɗi. Jerin nan, wato traceback, "sawu" nake ce masa a aji, kuma ɗalibai sun kama shi nan take.

Masu aiki da Java da JavaScript, ku gwada waɗannan sunaye a kan System.err da console.error, ku faɗa mana inda suka ƙi zama.