Ladan kuturu: muhawara kan kamfanonin da ke kare mutane a intanet

Malam Habu: Jama'a, ina nan kan bakana. Duk kamfanin da ya ce don amfanin al'umma yake kasuwanci, yana koya wa yara da iyaye yadda za su tsare kansu a intanet, alhali kuɗinsa daga aljihun manyan kamfanonin sada zumunta yake fitowa, ban yarda da shi ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Hajiya Rabi: To Malam, a ina kake so su samo kuɗin? Internet Watch Foundation ta Birtaniya tun 1996 take bin diddigin hotunan cin zarafin yara ana cire su daga intanet, kuma kamfanonin intanet ɗin ne ke biyan kuɗin zama mambobinta. Za ka ce aikinta bai yi rana ba?

Malam Habu: Madalla da kika kawo ta. A Disambar 2008 ita ce ta sa wani shafin Wikipedia cikin jerin waɗanda ake toshewa, saboda hoton bangon wani tsohon faifan waƙa. Ba alƙali, ba kotu. Mutane da dama a Birtaniya suka wayi gari ba sa iya gyara rubutu a Wikipedia, sai da aka yi caa a kanta ta janye bayan 'yan kwanaki.

Auwal: Allah ya gafarta Malam, ai wannan ba maganar kuɗi ba ce. Babu mai tallafin da ya matsa mata. Ta yanke hukunci ne ba tare da wani ya duba ba. An haɗa abu biyu.

Zainab: Bari in sa baki, don na zauna a ciki. Shekara biyu na yi a kwamitin amintattu na irin wannan kamfani, ba zan kama suna ba. Mu biyar ne: wanda ya kafa shi, matarsa, abokinsa na makaranta, akantan da shi ya ɗauka aiki, sai ni. Muka haɗa rahoto kan manhajar da yara suka fi kuka da ita, sai ta zama ta wanda ya fi ba mu tallafi. Wallahi ba wanda ya buga mana waya. Shugaban da hannunsa ya goge sunan, ya rubuta "wasu manhajoji". Na ce a rubuta a takardar bayanan zama cewa ban amince ba. Da takardar ta fito, ko sunana babu a wurin.

Malam Habu: Kun ji ko!

Zainab: Tsaya Malam, ba bayanka na bi ba. Da a ce akwai ko mutum biyu a teburin nan da ba shi ke biyansu ba, da bai yi gigin gogewa ba, kuma kuɗin nan dai shi ne kuɗin.

Auwal: Anti Zainab, ai shi ya sa ake yi musu doka. A Birtaniya tun 2005 akwai rajistar da ake kira CIC, wato ta kamfanonin da aka kafa don amfanin al'umma. Kadarorin kamfanin a kulle suke, ba a rabawa masu shi, ribar da za a ba masu hannun jari ba ta wuce kashi 35 cikin ɗari ba, kuma duk shekara sai sun rubuto abin da suka yi wa al'umma.

Zainab: Ƙanena, wannan yana hana a wawure dukiya. Bai hana a goge suna a rahoto ba. Odita lissafi yake dubawa, ba ya tambayar me ya sa aka ce "wasu manhajoji".

Hajiya Rabi: Amma ana iya karɓar kuɗi a kuma faɗi gaskiya. Facebook ya zuba dala miliyan 130 a asusun amana da ba ya iya janyewa, aka kafa kwamitin da ke sa ido kan hukuncin da kamfanin ke yankewa a kan abin da mutane ke wallafawa, a 2020. A 2021 kwamitin ya fito fili ya ce kamfanin bai gaya masa cikakkiyar gaskiya ba kan tsarin da ke sassauta wa manyan mutane.

Malam Habu: Twitter fa? Majalisar ba da shawara kan tsaro da ya kafa a 2016, saƙon imel ɗaya ya rushe ta a Disambar 2022.

Hajiya Rabi: Ai ka taimake ni, Malam. Majalisar Twitter ɗin ba ta da asusun kanta, ba ta da ikon zartarwa, alfarma ce kawai. Mai ba da alfarma ya ga dama ya janye.

Malam Habu: To na sassauta kaɗan. A buga sunan kowane mai tallafi da adadin abin da ya bayar, a kuma buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara ga wanda aka toshe wa shafi. In aka yi haka zan saurara. Zainab, naku ya taɓa buga nasa?

Zainab: Tambarinsu kawai ake jerawa a ƙasan shafi, ba adadi. Da na nace a buga, aka ce wa'adina ya cika. Ɗan ƙanwar shugaban ne a kujerata yanzu.