Wa ya taɓa wanke kambas a injin wanki?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Don Allah shawarar wanda ya taɓa gwadawa nake nema. Injina mai baki biyu ne, wurin wanki daban, wurin matsa daban, kilo 7. Kambas ƙafa uku ne suka yi dauɗa: biyu na makarantar yara, farare na yadi, ɗaya na Abban Ilham, shi ma fari amma samansa fata ce, ƙaninsa ya kawo masa tsaraba daga Umara. Ƙurar hunturun nan ta mai da su jajaye. Ni kuma na yi nauyi, durƙuso da buroshi ya fi ƙarfin bayana. Ranar Juma'a zai yi tafiya, kuma shi yake son sawa. In jefa su a inji ko in haƙura?

Ummu Sultan: Wa alaikumus salam. Jefa su kawai, duk Asabar haka nake yi. Ki zare igiyoyin da shimfiɗar ciki, ki sa takalman a rigar filo ki ƙulle baki, ki haɗa da tsofaffin tawul biyu don kada su riƙa dukan gilashin ƙofa. Ki zaɓi digiri 30, ki rage gudun matsa zuwa mafi ƙanƙanta.

Maman Ilham: Anti, nawa ba shi da ƙofar gilashi, ba shi da digiri. Da bokiti nake zuba masa ruwa.

Ɗan Wambai: Hajiya, shekarata goma sha ɗaya ina sayar da takalma a Ƙofar Wambai. Na yaran ki wanke, yadi ne, ba abin da zai same su. Na maigida kuwa kar ki kuskura. Fata in ta sha ruwa ta ƙoshi, tana bushewa sai ta yi tauri ta fara tsagewa daidai inda yatsu ke lanƙwasawa. Sannan yawancin kambas gam ne ya riƙe tafinsa, ba ɗinki ba, jiƙo da ruwan zafi su ne maƙiyan gam. Tsumma mai laima da ɗan sabulu da tsohon buroshin haƙori sun ishe shi, kina zaune a kujera ma za ki gama.

Bazazzagi: Bakano da injin wanki! Kafin ya kunna sai ya lissafa kuɗin omo da na ruwa, ya ga ko za a ci riba.

Ɗan Wambai: Kai dai ka yi shiru. Ku da kuke ajiye kambas sai ranar Sallah, ina za ku san yana dauɗa?

Abu Khalil: Ni ba da wasa na zo ba. Hajiya, irin injinki ne da mu sak. Bara ana saura kwana biyu ɗaurin auren abokina na ari kambas ɗin ƙanena, sabo, ko sau biyar bai sa ba. Na haɗa da nawa biyu na zuba. Wankin ya tafi lafiya, sai dai faifan nan na ƙasa mai juya ruwa ya goge hancin ɗaya. Da na tsaya nan da an tsira. Sai na ce bari in matse su don su bushe da wuri. Ina murɗa makunni injin ya fara tsalle yana buga bango, kafin in kai hannu na ji ƙauri. Tukunyar matsa ta karkace, motar da ke juya ta ta ƙone. Na ɗauko takalman na ɗora kan kwano da rana tsaka. Da la'asar na sauko da su, tafin na ƙanena ya buɗe baki, farin ya koma ruwan ɗorawa. Injin nan kayan ɗakin matata ne, mahaifiyarta ta saya mata da kuɗin adashi. Wata huɗu tana wanki da hannu da jariri a baya. Ƙanena bai ce mini komai ba, kuma shirun ya fi mini ciwo, har yau in na je gidansa sai na ga takalmin a bayan ƙofa. Naira 32,000 na biya kuɗin motar injin da na aiki.

Hajiya Babba: Allah sarki. Allah ya mayar da alheri, ya ƙara haɗa kanku.

Sani Mai Firij: Malam Abu, an cuce ka. Motar matsa ta irin wannan inji 18,000 na sa wa wata a Kaduna, har da kuɗin hannuna. Kuma sau da yawa ba motar ba ce, kafasita ce, 'yar na'urar da ke tayar da motar, ke mutuwa, abin da bai kai 4,000 ba.

Abu Khalil: A gabana aka buɗe motar, wayar ciki ta yi baƙi ƙirin.

Ummu Sultan: 18,000 a wace shekara? Maƙwabciyata 45,000 aka ce mata a watan jiya, ta bar shi ya zama ma'ajiyar tsummokara.

Sani Mai Firij: Tokumbo daban, sabuwa daban, wadda aka sake naɗa wa waya daban. Abin da nake so a gane, ɓangaren matsa kan sifirin yake zaune, yana son kaya su bazu daidai ko'ina. Takalmi jiƙaƙƙe nauyinsa gefe ɗaya yake taruwa, shi ke sa tukunya ta yi ta dukan jiki. Wanki ba ya kashe inji, matsa ce ke kashewa.

Na Malam Wanki da Guga: Da izininku. Mai gyara ba ya ganin inji sai ya lalace, mai sayarwa kuma so yake takalmi ya mutu a dawo. Mu ne muke wanke su kullum. Ruwan ɗorawar nan ba laifin inji ba ne, omo ne da bai fita ba rana ta gasa shi. A ɗauraye sau uku, a liƙa wa jikin takalmin takardar tishu tun yana jiƙe, a shanya a inuwa, ita za ta zuƙe dattin. Kuma a daina zuba bilic, yana ƙara wa roba ɗorawa ne. A kawo mana, 1,500 ƙafa ɗaya.

Ɗan Wambai: Ni nake so takalmi ya mutu? Ni da na ce kar ta sa? Kuma 1,500 ta me, shushaina a bakin masallacinmu 500 yake karɓa.

Na Malam Wanki da Guga: Shi ya sa yake shafa wa fari hoda ya ce ya wanke.

Hajiya Babba: Duk ba ku taɓo abin da ya dame ni ba. Takalmin da aka shiga banɗakin makaranta da shi, aka taka kwata, shi za a sa inda ake wanke hijabin salla da kayan jarirai? Ni dai sai an kankare ƙasan an ɗauraye a waje tukun, bayan an gama kuma a wanke injin.

Sani Mai Firij: Hajiya ta yi gaskiya ko ta fuskar aikina. Yashi da tsakuwar ƙasan takalmi suna shiga ƙarƙashin faifai, su toshe hanyar fitar ruwa.

Bazazzagi: Wai duk da wace wutar ake wannan wanki? Mu rabonmu da ita tun daren Lahadi.

Ummu Sultan: Kar ka tuna mini. Tun da aka kai kuɗin wutar Band A, wato rukunin da ya fi tsada, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 aka ce awa 20 za mu riƙa samu a rana. Kuɗin dai muna biya. Ƙarfe biyun dare nake tashi in kunna inji.

Abu Khalil: Kun ga ni ma yanzu nake tunani, ranar wutar ba ta da ƙarfi, fanka da ƙyar take juyawa. Anya ba ita ta ƙona motar ba?

Sani Mai Firij: Tana iya yi. Ƙaramar wuta tana sa mota ta yi zafi. Da sitabilaiza a jiki?

Abu Khalil: Babu. To ke nan wa zai biya ni 32,000 ɗina?

Ɗan Wambai: Mu a layinmu taransifoma ta ƙone, an yanka wa kowane gida 10,000, an haɗa, wata biyu ke nan ba a ga komai ba.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. To na yaran fa, minti nawa zan bar su suna juyawa? Kuma in ban matse ba, za su bushe kafin Litinin a inuwa?

Bazazzagi: 10,000 kawai? Mu 15,000 aka karɓa, kuma mai karɓar ya bar unguwar.