Abin da aka tsayar kan kaskar karnuka

Ga taƙaitaccen abin da ya fito daga hirar fadarmu ta Zengo kan kaska, tunda damina ta kama ta yi yawa a jikin karnukan gadi da na 'yan farauta nan Damagaram.

Kowa ya yarda a dinga duba cikin kunne da wuya da tsakanin yatsun ƙafa, nan take maƙalewa. In an gan ta a sa matsefata a kama ta dab da fata a jawo sannu, kar a murɗa, kar a ƙona ta da ashana ko a zuba mata kananzir kamar yadda wasu ke yi, kuma don Allah a bar fasa ta da farce, jinin nan na iya ɗauke da cuta har ga mutum, balle kaskar shanu mai kawo zazzaɓin Kirimiya-Kongo.

Inda aka ja dogon musu shi ne maganin feshin shanu, wani dattijo ya ce shi yake sa wa nasa, amma gaskiya ban goyi baya ba, awon sa ba na kare ba ne, yana iya kashe shi. Gara a tambayi likitan dabbobi ya ba da maganin kaska na karnuka irin su Frontline. Sannan a feshe makwancin karen da tsagogin katanga, macen kaska ɗaya tana zuba ƙwai dubbai can ciki.

Karen da ya ƙi abinci, dasashinsa ya yi fari, fitsari ya yi ja ko yana haɓo, wataƙila cutar kaska ce, a kai shi likita ran nan.