Don Allah a taimaka mani da lissafin Ohm, jarrabawa ta matso

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara uku ke nan ina bin ogana aikin wayarin, daga Arkilla har Gawon Nama ba inda ba mu ja waya ba. Ban gama sakandare da kyau ba saboda jinyar Inna, kawuna ne ya kai ni shagon, shi ma yanzu ba ma shiri sosai. Bana na tara kuɗi na yi rajistar jarrabawar sana'a ta NABTEB don in samu takarda. V = I × R, wato bolt daidai yake da amfiya sau om, na haddace shi kamar karatun allo. Amma an ba mu batir mai bolt 12 da resisto biyu a faralel, wato gefe da gefe, om 6 da om 3. Na haɗa na samu 9, aka ce 2 ne. Ta yaya ƙari zai rage abu? Wallahi barci ya gagare ni.

Baba Mai Fulaya: Yaro, kwantar da hankalinka. Shekara talatin ina wanga aiki, ban taɓa lissafa om ba. Waya 1.5 ta fitila, 2.5 ta soket, na'urar sanyaya ɗaki ka ba ta 4. Shi ke nan. Takarda ba ta riƙe fulaya.

Malamar Fasaha: Baba, da girmanka, amma jarrabawa zai zauna. Ƙanena, ɗauki tankin ruwa a kan rufi. Ka huda masa bututu ɗaya, ruwa na fita. Ka ƙara na biyu a gefe, ruwan ya samu wata hanya, fitarsa ta ƙaru, wato cikas, abin da ake aunawa da om, ya ragu. Lissafa kowace hanya daban: 12 ÷ 6 amfiya 2, 12 ÷ 3 amfiya 4, jimla 6. Sai bolt 12 ÷ amfiya 6, ga om 2. A siris ne, wato ɗaya bayan ɗaya, ake tarawa, can 9 ɗinka daidai ne.

Ɗan Mabera: Na gode Anti. Amma malaminmu da 1/R yake yi, wato 1/6 + 1/3 sannan a juya amsar, in na bi ta wata hanya ina tsoron a soke.

Baba Mai Fulaya: Ka ji ko? Su da kansu ba su daidaita ba.

Na Runjin Sambo: Baba, irin wannan ce ta ƙone mani ɗaki. Wani ya sa mani hita mai wat 2000 a kan siririyar waya, har yau bai biya ni ko sisi ba, in mun haɗu a kasuwa sai ya kau da kai. Da ya raba 2000 da 230 ya ga amfiya kusan 9, da bai yi ba.

Baba Mai Fulaya: Wannan jabun waya ce aka sayar maka. Ni da ido nake gane ta.

Abu Sola: Ka bar NABTEB ka yi Trade Test na ma'aikatar ƙwadago, sannan ka koma sola. Mu ma ogan da na yi wa bauta shekara biyar ko mita bai sallame ni da ita ba.

Malamar Fasaha: Hanyar 1/R da tawa abu ɗaya ne. Me ya hana ka tambayi malamin naka?

Ɗan Mabera: Anti, ajin yara ne, na girme su duka, kuma daga wurin aiki nake zuwa a gajiye cikin zafin nan. Kuɗin rajista kuwa na riga na biya, Malam Abu. To in resisto uku ne fa, biyu a faralel ɗaya a siris, daga ina ake farawa?

Baba Mai Fulaya: Ka zo shagona ranar Asabar ka ga aiki.