Tsadar karatu da zaman jiran aiki a Damagaram: kowa ya faɗi yadda yake fama

Ɗan Birni: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗalibai da iyaye da waɗanda suka gama suna zaune, don Allah kowa ya faɗi abin da ya same shi da kansa, ba na ji an ce ba. Ni dai ƙannena biyu ne a hannuna, ɗaya a lise (babbar sakandare) ɗaya a jami'a, kuma tun da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 lissafin gidanmu bai koma daidai ba. An ɗage takunkumin da ƙungiyar CEDEAO (ECOWAS) ta sa wa Nijar a Fabrairun 2024, amma ni a aljihuna ban ga bambanci ba.

'Yar Magarya: Wa alaikumus salam yaya. Ina shekara ta biyu. Mutane suna jin an ce "mai burs", wato mai karɓar tallafin karatu na gwamnati, sai su ɗauka an huta. Burs ɗin wata uku-uku ake biya, idan ya makara kuwa kafin ya shigo an riga an cinye shi. Ranar da ya faɗo, mai shagon unguwa ne na farko, da littafinsa na bashi: shinkafa, taliya, sabulu, magi. Sai mai gida. Sai mai fotokopi. Mu huɗu muke ɗaki guda don ban samu gado a cikin makaranta ba. Abin da ban taɓa sawa a lissafi ba kafin in zo shi ne ruwa. Da bazara famfo sai ya kwana ya wuni ba ɗigo, mu haɗa kuɗi mu sayi jarka wurin 'yan garuwa, ruwan wanka mu tare shi a baho don wanki. Inna tana aiko mini hatsi tiya biyu ko uku a motar kasuwa, da kuka da daddawa a ƙulle cikin leda. Ba don wannan ba, da tuni na koma gida.

Ɗan Tanut: Ke ma ki gode Allah, ƙanwata. Ni shekaruna sun wuce sharaɗin samun burs lokacin da na samu BAK, jarrabawar gama lise, don sai da na maimaita aji biyu saboda kiwo da noma. Ba burs, sai ɗan taimakon da ake ba marasa burs, shi ma ba abin da za ka jingina da shi ba ne. Yaron ƙauye shi ya fi shiga makaranta a makare, shi ne kuma sharaɗin shekaru ya fi kamawa. Da dare ina kabu-kabu da babur ɗin wani, da safe in shiga aji ina gyangyaɗi.

Hajiya ta Sabon Gari: 'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Mu ma iyaye muna ji a jika. Na cire autana daga makarantar kuɗi na mai da shi ta gwamnati, sai ga kuɗin darasin yamma, don ajin ya cika maƙil, yaro a baya ba ya jin malam. A 2024 da ambaliya ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba, kuɗin da na ajiye na littattafai gyaran katanga ya tafi. Adashe ne rufin asirina, na sa a riƙa ba ni kwasata daidai lokacin komawa makaranta.

Mai Lisans Ba Aiki: Ina gaishe ki Hajiya. Nawa ɓangaren shi ne bayan an gama, wanda ba a cika faɗa wa ɗalibai ba. Neman aiki ma da kuɗinsa. Duk konkur (jarrabawar ɗaukar aiki) ɗin da aka buɗe sai sabon dosiye, wato tarin takardu: takardar haihuwa, ta ɗan ƙasa, kwafin difloma, kowace a kai a buga mata hatimi a manna tambur. Ga hoto, ga takardar likita. Takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure ka ba wata uku take yi ta mutu, sai ka sake wata. In jarrabawar a Yamai ce, tafiyar kilomita kusan 900 ce, kuɗin mota zuwa da dawowa, ka kwana a ɗakin ɗan garinku. Ka dawo ka zauna jiran sakamako, shekaru suna tafiya, konkur ɗin ma yana da iyakar shekaru. Na yi sitaj, wato koyon aiki, a wani kamfani wata da watanni, ko kuɗin adaidaita ba a ba ni ba, da na gama aka ce za a kira ni. Babu wani tallafi da marar aiki yake karɓa a ƙarshen wata, babanka ne ko yayanka. Matatar mai ta SORAZ tana aiki tun 2011, kowa a fada yana mafarkinta, amma mutum nawa matata ɗaya za ta ɗauka?

Ɗan Kara-Kara: Mu da ba mu yi nisa a boko ba, ruwa-ruwa ce ta riƙe mu, man Najeriya a kwalabe bakin titi. Da Tinubu ya cire tallafin mai a Mayun 2023, ribar ta bi ruwa. Daga teburina nake biya wa ƙanwata kuɗin rajistar BEPC, jarrabawar gama ƙaramar sakandare. Yanzu shayi nake sayarwa, masu difloma su ne suka fi cin bashi, ba zagi ba.

Mai Lisans Ba Aiki: Gaskiya ka faɗa, ni ma akwai mai shayin da ke bina jika biyu.

Malam Kontaragi: Ni ina koyarwa a wani ƙauye wajen Mirriya. Shawara ɗaya ga masu gamawa: ku yi rajista a ANPE, hukumar samar da aikin yi, ku riƙe katinku, akwai wuraren da sai da shi suke karɓar dosiye. Bautar ƙasa ma kada ku raina ta, ta nan na shiga aji. Sai dai ku sani alawus ne, ba albashi ba, aure da shi sai an yi shiri.

'Yar Magarya: Malam, don Allah rajistar sai mutum ya karɓi diflomarsa a hannu, ko takardar shaidar gamawa ta isa? Yayata ta gama bara, har yanzu takardar shaida kawai gare ta.