Shawarwarin magoya bayan Wikki Tourists kan adana tarihin ƙungiyar

A wata tattaunawa da wasu magoya bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Wikki Tourists suka yi a Bauchi, abin da ya fi damun kowa shi ne yadda tarihin ƙungiyar ke salwanta, alhali waɗanda suka gan shi da idonsu suna raye. An kafa ƙungiyar a 1991, kuma ta samo sunanta daga ruwan ɗumi na Wikki da ke Yankari, amma matasa da yawa masu cika filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ba su san cewa ta ci Kofin Ƙalubale na ƙasa a 1998 ba, bayan ta doke Plateau United a bugun fenariti.

Shawarar da ta fi samun goyon baya, kuma a ganina ita ce mafi gaggawa, ita ce a zauna da tsofaffin 'yan wasa da masu horarwa a naɗi bayanansu, a tattara hotuna da riguna, sannan a ware ɗakin adana su a filin wasa. Dattawa sun ce kada a manta da kakar 2016, lokacin da ƙungiyar ta zo ta uku a gasar Firimiyar Nijeriya ƙarƙashin mai horarwa Abdu Maikaba, ɗan wasanta Godwin Obaje kuma ya fi kowa cin ƙwallaye a gasar.

An kuma roƙi magoya baya su riƙa sayen tikiti, su daina jifan alƙalan wasa, domin tarar da hakan ke jawowa daga asusun ƙungiyar ake biyanta.